Sifirin ko Kebur: Wane Makankarin Ƙanƙara Ya Dace da Babur ɗinka na Dusa?

Ba abin da ke ɗaure wa sabon mai babur ɗin dusar ƙanƙara kai kamar ranar da injinsa zai ɗauki zafi alhali gashin bakinsa ya daskare don sanyi. Ni tawa ranar ta zo a hunturuna na biyu a arewacin Ontariyo ta ƙasar Kanada, a hanyar daji da ta haɗa Timins da Kokaren. Da yammacin ranar da ta gabata rana ta ɗan narkar da saman dusa, cikin dare injin gyaran hanya ya bi ya daddanne ta, sanyin asuba kuma ya zo ya ɗaure ta tamau kamar daɓen siminti. Ma'auni na nuna digiri 22 ƙasa da sifili. Ban yi nisa ba fitilar zafi ta kama, inji ya rage ƙarfi da kansa. Wani dattijo da muke tafe tare ya tsaya, ya sa ni na saki hanya na shiga dusa mai laushi da ke gefe, muka riƙa shurin ta da ƙafa muna cusawa ƙarƙashin kujera har allurar geji ta sauko. Sannan ya durƙusa ya nuna mini wasu 'yan ƙarafa biyu da ke ja a ƙasa a gefen bel ɗin nasa babur, wato faffaɗar robar nan mai haƙora da ke juyawa a ƙasa tana tura babur maimakon taya, ya ce: "Ɗana, ka samo waɗannan kafin mu sake fita."

Waɗannan ƙarafan su ne nake kira makankarai, domin aikinsu ke nan, kankare saman ƙanƙara su watsa garinta cikin bel. Amma zaɓensu ba zai yi wa mutum sauƙi ba sai ya san dalilin da ya sa injin ke kukan zafi tun farko.

Yawancin baburan dusa na yanzu, ko Ski-Doo ne na garin Balkur a Kebek, inda Joseph-Armand Bombardier ya fara fitar da su a 1959, ko Polaris na garin Roso a Minisota ta Amurka, ko Arctic Cat, da ruwa ake sanyaya injinsu, sai dai ba su da lagireto a gaba irin na mota da iska ke bugawa. A maimakonsa akwai faranti na alminiyom masu tsagi-tsagi da aka shimfiɗa a rufin kogon da bel ke juyawa a ciki, wato daidai ƙarƙashin kujera, wasu kuma da ƙari a bangon gaba na kogon. Ruwan zafi daga inji yana ratsa cikin farantan, bel kuma yana kwasar dusa daga ƙasa yana watsa musu. Dusar ta narke, ta tafi da zafin. Kuma narkewar ce ke yin babban aikin, ba sanyin iska ba: zafin da ake buƙata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa wajen digiri 80. Shi ya sa ɗan garin ƙanƙara kaɗan da ke sauka kan faranti ba yankewa ya fi iskar digiri 30 ƙasa da sifili amfani. In hanya ta daskare, bel ba ya samun abin kwasa, farantan su bushe, inji ya hau dahuwa komai tsananin hunturu.

Akwai ɓarna ta biyu da geji ba ya nunawa. Bel ɗin yana zamewa ne a ƙarƙashin sanduna biyu na alminiyom da ke riƙe da shokazoba da ƙananan tayoyi, kuma a gindin kowace sanda an zura wata doguwar farar roba mai santsi, robar zamiya. Man shafawarta kaɗai shi ne dusa. Idan ta bushe, ƙananan ƙarafan da ke manne a jikin bel su riƙa gugar ta har ta yi laushi, don irin wannan roba tana narkewa ne a wajen digiri 130 da 'yan kai. Za ka ji warin ƙonanniyar leda, ka ji babur na nauyi kamar ana riƙe shi ta baya, in ka tsaya kuma ka dawo ka tarar bel ya manne da robar. Saboda haka ko mai babur ɗin da fanka ke sanyaya injinsa, irin masu lamba 550, ko mai babban babur na aiki da aka ƙara wa lagireto da fanka, bai tsira ba. Injinsa lafiya lau, amma robar zamiyarsa na iya cinyewa a yini guda a kan tafkin da ya daskare.

To, makankarai iri biyu ne suka cika kasuwa, kuma a kansu ake ta musu a duk rumfar da mahaya ke tsayawa shan shayi: na sifirin da na kebur.

Na sifirin shi ne tsohon hannu. Siririyar sanda ce ta ƙarfen sifirin, an murɗa ta zagaye biyu ko uku a inda ake ɗaure ta da noti, sauran ta miƙe baya, bakinta ya lanƙwasa ƙasa. Murɗin nan shi ke danna bakin cikin ƙanƙara da ƙarfi, kuma dannawar ba ta sassautawa ko babur na tsalle a kan gargada. Wanda ya taɓa bin bayan mai irin wannan makankari ya ga farin hayaƙi biyu na tashi daga gefen bel kamar ana sheƙar gero. A wajen yawan garin da yake tayarwa, ban ga kebur ɗin da ya kamo shi ba. Ba banza ba ne kamfanoni ke fito da baburan hawan dutse, irin su Summit na Ski-Doo da RMK na Polaris, da makankarai a jikinsu tun daga masana'anta. Waɗannan baburan an rage musu girman farantin sanyaya da yawan ƙananan tayoyi don a rage nauyi, bel ɗinsu dogo ne, inci 154 ko 165, haƙoransa kuma inci biyu da rabi zuwa uku. A cikin dusa mai zurfi ba su da matsala ko kaɗan. Amma kafin a kai dutsen sai an bi kilomitoci na taurarriyar hanya daga inda aka ajiye mota, kuma a wannan tsakanin ne suke dahuwa, don dogayen haƙora suna ɗaga sanduna nesa da ƙasa, suna tafiya a kan tsininsu ba sa kwasar komai.

Aibin na sifirin guda ɗaya ne babba: ba ya son ribas. Bakinsa an yi shi ne a ja shi gaba. Da zarar babur ya koma baya, bakin ya soke ƙasa ya tsaya cak, nauyin babur gaba ɗaya ya hau kansa, ko ya lanƙwashe ko ya ɓalle daga murɗin. Sai mutum ya sauka ya ɗaga kowanne ya rataye a jikin sanda kafin ya yi baya. A baki wannan ba komai ba ne. A aikace kuwa, baburan zamani masu inji mai bugu biyu ribas ɗinsu maɓalli ne kawai a hannu, ka danna inji ya juya da baya, wanda Ski-Doo ke kira RER, Polaris kuma PERC. Abin da yatsa ke yi cikin ƙiftawar ido, ga safar hannu mai kauri, ga hular kwano, ga abokan tafiya na jira, da wuya tunani ya riga shi. Na farkon da na saya na sifirin ne, kuma sati uku ya yi. A wani gidan mai na matsa baya taku biyu don in ba wani wuri, na ji ƙas a hagu, shi ke nan. Ba ma sai da ribas ba: babur ya ɗan gangaro baya a kan tudu, ko ka ja shi da hannu daga kan tirela, duk ɗaya ne a wurin sifirin.

Akwai ƙananan aibobi da ya kamata a sani. Wanda bakinsa zallan ƙarfe ne yana cinyewa a hankali, musamman in hanyarka na yawan tsallaka kwalta, har tsawonsa ya ragu dannawa ta yi rauni. Bakin kan maƙale a tsakanin katakan gada ko a gefen ƙarfen titin jirgin ƙasa. Sannan wurin da ake rataye shi a jikin sandar alminiyom yana cin tsagi saboda girgiza, sai an sa 'yar roba ko ƙugiya ta musamman a wurin.

Na kebur an yi shi ne don maganin wancan babban aibin. Igiyar ƙarfe ce mai kauri da aka tufka daga siraran wayoyi, galibi an lulluɓe ta da roba, kai ɗaya na ɗaure da noti a sanda, ɗaya kan kuma an murɗa masa baki na kabaid ɗin tongistin, ƙarfen nan mai tsananin tauri da ake sa wa bakin abin huda kankare, ba kabaid ɗin masu walda ba. Wanda aka fi sani da shi a nan Arewacin Amurka shi ne Duraflex, amma akwai ire-irensa da yawa. Da yake igiya ce, duk inda aka tura ta za ta bi. Ka yi ribas ta juya ta biyo ka, ka koma gaba ta dawo. Ta ci karo da kututture ta goce. Ka sauke ta da safe ka manta da ita har la'asar, kuma in bakin ya cinye ka kwance ka murɗa sabo ba tare da sayen duka ba.

Sai dai abin da ya ba ta sauƙin kai shi ya rage mata ƙarfi. Kebur ba shi da murɗin da zai danna shi ƙasa. Taurin igiyar kawai yake dogaro da shi, da kusurwar da aka ɗaure shi a kai. Saboda haka garin da yake tayarwa bai kai na sifirin ba, kuma a hanya mai gargada yana rawa, ya taɓa ƙasa ya tashi, wani lokaci ma ya yi tsalle ya rataye kansa a kan sanda ba ka sani ba, sai geji ya faɗa maka. Idan aka bar shi a rataye tun daga Afrilu har Disamba, igiyar na sabawa da lanƙwasar, ka sauke ta ka ga bakin na shawagi a sama. Notin ɗaurinsa in ya saki ko kaɗan, duk kebur ɗin ya juya ya kwanta. Bakin kabaid ɗin ma kan kwance ya faɗi a hanya in ba a sa masa gam ɗin noti ba. Kusan duk wanda na ji yana cewa kebur aikin banza ne, in ka duba nasa za ka tarar ɗaya daga cikin waɗannan ne, ba laifin kebur ɗin ba.

A wuri ɗaya kebur kan ba da mamaki, wato a kan ƙanƙarar tafki wadda iska ta share ta zama kamar gilashi. A nan bakin sifirin na zallan ƙarfe sulɓewa yake yi, ya bar ɗan farin layi kawai, shi kuwa kabaid yana cizo ya fasa. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. A kan tsurar ƙanƙara babu makankarin da ke tayar da abin da zai ishi dogon bel a doguwar tafiya. Dole mutum ya riƙa neman inda iska ta tara dusa yana ratsawa ta ciki.

Akwai waɗanda suka tsaya a tsakani. Wasu kamfanoni na yin makankari da doguwar naɗaɗɗiyar sifirin mai lanƙwasuwa ta kowace fuska, ko da faffaɗan ƙarfen sifirin da aka tsara ya juya in an yi baya, da bakin kabaid. Sun fi kebur dannawa, sun fi tsohon sifirin jure ribas, sun kuma fi su tsada, wasunsu ba sa shiga sai irin babur ɗin da aka yi su dominsa. Ni dai ko da an rubuta a kwali cewa yana jure ribas, ba na yin doguwar baya da shi a kan kwalta ko katako. Sai kuma waɗanda ake ɗaurawa a takalman gaba, wato faifan zamiya biyu da ake juya babur da su. Amfaninsu suna tayar da gari tun kafin bel ya iso, ya daki bangon gaba na kogo, abin da ke taimakon babur ɗin da farantinsa na gaba ne babba. Amma suna nesa da bel, suna juyawa da sitiyari, rabin garin a gefen hanya yake ƙarewa. Ina ganinsu a matsayin ƙari ga na sanda, ba madadinsa ba.

To wanne za a saya? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ga yadda nake raba su. In babur ɗinka na dutse ne, dogon bel, dogayen haƙora, kana sauke makankari sau ɗaya a farkon hanya ka ɗage sau ɗaya in ka shiga dusa mai zurfi, sayi na sifirin, ka ajiye ɗaya na ko-ta-kwana a jaka. Injinka na buƙatar duk garin da za a iya samu, kebur kuma sau da yawa ba ya isar sa. In kuwa kai mai bin gyararrun hanyoyi ne, irin dubban kilomitocin da ƙungiyoyin mahaya na Ontariyo da Kebek ke kula da su, bel ɗinka inci 129 ko 137, haƙora inci ɗaya da kwata, kana tsayawa gidan mai, wurin cin abinci, mahaɗar hanya, kana juyawa sau goma a yini, sayi kebur. Farantinka babba ne, ɗan taimako yake nema, kuma makankarin da ke ƙasa kullum ya fi mai ƙarfin da ya karye tun hantsi. Haka mai zuwa kamun kifi a tafki yana jan keken kaya, yana baya da gaba a bakin bukkarsa. Haka kuma babur ɗin gida da mata da yara da baƙi ke hawa, don ba za ka iya bin kowa kana tuna masa ba.

Masu wahalar zaɓi su ne na tsakiya, bel inci 146, haƙora tsakanin inci ɗaya da rabi zuwa biyu, rabin yini a hanya rabi a daji. Irin nawa ke nan yanzu. Tambayar da zan ce mutum ya yi wa kansa, tsakaninsa da Allah, ita ce: zan sauka in ɗage su duk lokacin da zan yi baya? Ban da niyya, halinka na yau da kullum za ka duba. In amsar e ce, sifirin zai ba ka geji mafi kwanciya. In kana shakka, ɗauki mai jure ribas mafi tauri da aljihunka zai iya. Ni na koma kebur, na kuma matsar da shi gaba, kuma matsarwar ce ta kawo canjin da na fi gani, fiye da canjin iri.

Wannan ya kawo mu ɗauri, inda na ga an fi yin asarar kuɗi. Mutane da yawa suna duba sanda su ga wani ramin da babu komai a ciki wajen tsakiya ko baya, su zura noti su ɗaure, don ba sa son huda. Amma ka tuna garin da makankari ya tayar baya yake tafiya. In bakin na taɓa ƙasa a kusa da tayoyin baya, garin ya wuce babur ya faɗi a hanya, bai shiga bel ba, bai taɓa robar zamiya ba. Kuma inda robar ta fi cinyewa shi ne gaba, a lanƙwasar da sanda ke yi ta sauko ƙasa. Saboda haka ana ɗaure makankari ne a gaba iyakar yadda wuri ya bari, jim kaɗan bayan wannan lanƙwasar, ta wajen sandar, don garin ya shiga ramukan da ke jikin bel ya jiƙa robar tun daga farkonta, sauran kuma bel ya kwashe shi ya zagaya da shi sama ya watsa wa faranti.

Kafin a huda komai, a riƙe makankarin da matsi ko da hannu a wurin da ake so, babur na tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a duba abu uku. Bakin ya sauka a wajen gefen bel da ɗan tazara kamar faɗin yatsu biyu: in ya matso sosai haƙora za su kama shi su ja shi ciki, in ya yi nisa garin ya baɗe a banza. Tsawon ya isa har da rara, wato in da babu ƙasa, bakin zai sauka ƙasa da gindin haƙoran bel, don wannan rarar ita ce dannawar. Nan ne tsawon haƙora ke shigowa, domin makankarin da ya dace da haƙori inci ɗaya da kwata zai yi gajarta a kan na inci uku, haka kuma mai faffaɗan bel na inci 20 yana buƙatar dogo ko ƙarin ƙarfe da zai turo shi waje, tunda yawancinsu an auna su ne da bel na inci 15 ko 16. Na uku, a sa wani mai nauyi ya hau ya danna baya har shokazoba ta nutse, a kalli ko makankarin, a sauke ko a rataye, zai daki hannun gaba na shokazoba, ko taya, ko matakin ƙafa. Abin da ke da sarari babur na tsaye kan matse in aka faɗa rami da gudu.

Wani lokaci wurin da ya fi dacewa ƙaramar taya ce ke zaune a kai. Wasu na cire tayar su sa makankari a raminta. Yana yiwuwa, amma ciniki ne: tayar nan ita ke ɗauke wa robar zamiya wani nauyi, in ka cire ta, duk ranar da ka manta ba ka sauke makankari ba robar za ta biya. In akwai hali a matsar da tayar baya kaɗan, ya fi a raba ta da babur.

Idan sai an huda, a yi hankali da sandar, don ita ce ƙashin bayan duk abin da ke ƙasa. A zaɓi inda naman alminiyom ke da faɗi, nesa da manyan tagogin da aka yanke don rage nauyi, nesa da wani rami, a bar tsakanin ramin da gefen sanda aƙalla ninki biyu na faɗin notin. A buga alama da ƙusa don kada bakin na'ura ya zame, a fara da siriri sannan a faɗaɗa zuwa girman da takardar makankarin ta ce, a goge kaifin bakin ramin. Tsagewar sanda daga irin wannan kaifin take farawa. A auna daga wani noti da ke kowane ɓangare don hagu da dama su zo daidai. A cusa tsumma a ƙasa ya tare garin alminiyom kada ya shiga boris ɗin tayoyi.

Na sifirin akwai na hagu akwai na dama, kuma ana iya juya su bisa kuskure. Alamar daidai ita ce in ka ɗaga bakin sama murɗin ya ƙara matsewa, ba ya warware ba, kuma ɗan guntun ƙarshen murɗin ya sami inda zai tokare, ko ramin kansa ko gefen sanda. Na kebur kuwa kusurwa ce komai nasa. Kan da ke ɗaure ya kalli ƙasa da ɗan karkata baya, yadda igiyar za ta lanƙwasa da ƙarfi in bakin ya taɓa ƙasa. In ka kwantar da shi sosai zai bi ƙasa yana shafa ta kawai. A sa washa mai haƙora tsakaninsa da sanda, a ɗiga gam ɗin noti irin Loctite a notin ɗauri da kuma a zaren bakin kabaid, a riƙe kan da sifana ɗaya a ɗaure da ɗaya don kada ya juya wajen matsewa. Gam ɗin ba ya kamawa da kyau a cikin sanyi, gara a yi aikin a gareji mai ɗumi a bar shi ya kwana. A juya bakin kabaid ɗin ya kalli ƙasa da ɗan ciki, wajen bel. Bayan fitar farko a sake bin notocin da sifana.

Gwaji ba ya buƙatar wata na'ura. Ka fita da safe a kan daskararriyar hanya, ka yi 'yan kilomitoci makankarai a rataye kana kallon geji, ka sauke su ka ci gaba da gudu iri ɗaya. Nawa injin in yana cikin jin daɗi tsakanin digiri 45 da 50 yake zama. Naka ka duba littafinsa. Ka sa abokin tafiya ya bi gefenka ya gaya maka ina garin ke zuwa. In ka tsaya, leƙa ƙasa: sanduna da tayoyi su yi fari da gari, ruwa na ɗiga daga rufin kogo. In ƙasan a bushe yake, ɗaurin bai yi ba.

Kada kuma a ɗora wa makankari abin da ba nasa ba. Labulen robar nan da ke rataye a bayan babur, kamar matarin laka na babbar mota, shi ke tare garin da bel ya watso ya mayar da shi kan faranti. In ya yage, ko an gajarta shi don ado, ko ya naɗe sama, rabin aikin makankarin ya tafi iska. Na ga wanda ya canja makankari sau biyu, ashe labulensa ne ya tsage. In ruwan sanyaya ya ragu, ko iska ta shiga bututu, ko famfon ruwa ya gaji, babu garin da zai hana zafi. Tafiya a hankali sosai a kan tauri ma tana ƙara zafi, don bel ba ya juyawa da saurin da zai watsa komai, haka barin inji na aiki a tsaye. Ƙusoshin da ake dasawa a bel don riƙe ƙanƙara suna ɗan fasa ta su taimaka, amma ba sa kai garin kan robar zamiya yadda makankari ke yi.

A dusa mai zurfi a rataye su, kowane iri ne, don ba a buƙatarsu kuma akwai duwatsu da kututture a ɓoye. A rataye su kafin hawa tirela ko shiga gareji, bakin kabaid yana yage katako da daɓe. In hunturu ya wuce aka zo ajiye babur, a sauke kebur ɗin a bar shi ya miƙe, a ɗaga bayan babur a kan abin tokara yadda bakin ba zai taɓa ƙasa ba, a duba layin da ke gefen robar zamiya mai nuna iyakar cinyewa, musamman a lanƙwasar gaba. In ta kusa layin a canja ta a lokacin, tun gareji da ɗumi, kafin dusar Disamba ta sauko.